Farautar Kwabo Mai Huji a Kasuwar Paikon Kore

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Wani tattabaru ne suka ɗauke masa hankali, wani dara, wani kuwa ba shi da aiki sai kasa kunne ga rediyo yana bin labarin ƙasashen da har abada ba zai taka ba. Ni nawa kiwon shi ne tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, namu na da da na ƙasashen waje, irin waɗanda ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka sau biyu. Uwargida ta daɗe da sallama ni a kan wannan al'amari. Abin da ta roƙa kawai shi ne in daina wanke su a kwanon da take jiƙa tsamiya.

To, a cikin hunturun bana wani direba da muke shiri da shi, mai ɗauko doya daga ƙauyukan Gwagwalada, ya zo mini da labari. Ya ce a kasuwar Paikon Kore akwai wani dattijo ɗan koli da ke da tasa guda cike da kuɗin da, har da masu huji, kuma ya ji 'yan gwangwan suna zawarcin tasar, suna so su auna ta a sikeli su biya kuɗin ƙarfe. Da jin haka barci ya ƙaurace mini. Ranar kasuwa na zagayowa na yi asubanci.

Bari in yi wa mai karatu bayani, don kada ya nufi wata Paikon. Akwai Paiko ta Jihar Neja, kusa da Minna, wannan daban. Paikon Kore tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Yankin Babban Birnin Tarayya, a hanyar da ta fita daga Gwagwalada ta nufi Dobi. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwarawa, kuma suna nan tun kafin Janar Murtala Muhammed ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, balle a yi zancen tasowar gwamnati daga Ikko a watan Disamba na 1991. Akwai kuma makiyayar da gwamnati ta keɓe wa Fulani a gefen garin, ita ce ma ta sa sunansa yake fitowa a jaridu jefi-jefi. Wanda ya san Abuja ta Maitama da Asokoro kaɗai, in ya zo nan zai yi tsammanin ya ƙetare iyaka. Alhali kuwa a takarda duk gari ɗaya ne.

Na isa da hantsi, kasuwa ta fara cika. Matan Gbagyi suna shigowa jere da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda suka gada. Ga doya an kasa tsibi-tsibi, ga dawa da gero sabon sussuka, ga Fulani mata da ƙoren nono a inuwa, ga Hausawa 'yan tireda da mahauta da masu gwanjo. Duk cinikin da na gani ana yi, ko da takardar kuɗi ne ko kuwa a je wurin mai POS. Na tsaya na kasa kunne na ɗan lokaci, ko zan ji ƙarar nan ta sulalla da muka tashi da ita a kasuwanni, ban ji ba.

Ban sha wahalar samun dattijon ba. Yana can ƙarshen layin 'yan koli, ya baza allura da zare da madubi da kwalli da tsakiya a kan buhu. Na yi sallama, muka gaisa, na tambaye shi gida da kasuwa. Da ya buɗe baki na gane Bakatsine ne. Sa'an nan na ce, "Baba, an ce mini kana da kuɗin da."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Na magani kake nema, ko na ado?"

Na ce, "Na kallo."

Ya yi dariya har da tari, ya ce a shekarunsa bai taɓa jin wanda ya sayi kuɗi don kallo ba. Ya jawo tasa daga ƙarƙashin wani tsumma ya ajiye a gabana. Na tsuguna, na naɗe hannun riga.

Jama'a, abin da ke cikin tasar nan ya fi ƙarfin a kira shi tarkace. Na fara cin karo da kuɗin maƙwabta. Ga dala da dala biyu na sefa, masu kan barewa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma alamar nan ta Babban Bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka kwaikwayo daga ma'aunin zinariya na Ashanti mai siffar kifi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram har gobe da dala suke lissafi, watau faran biyar, shi ya sa in Bamaraɗe ya ce maka dala ashirin, faran 100 yake nufi. Ga na Kamaru da Cadi masu kawunan namun daji uku. Ga halala ta Saudiyya mai dabino da takubba biyu, wadda ba sai an gaya maka alhazai ne suka dawo da ita a ƙasan jaka ba. Ga sidi ɗaya na Gana mai hoton wuri, domin sunan kuɗin nasu ma daga sunan wuri aka samo shi a harshen Akan. Sa'an nan ga na Turai birjik: kwabon Ingila, faran na Faransa, da ƙananan kuɗin Jamus, waɗanda na ƙasashen biyu na ƙarshe suka daina aiki tun da yuro ya fito a 2002.

Na tambaye shi yadda aka yi waɗannan suka zo Paikon Kore. Ya nuna mini layin masu gwanjo da haɓa. Ashe in sun kwance dila, sukan sami 'yan kuɗi a aljihunan kwat da wanduna, waɗanda masu kayan suka manta da su can ƙasarsu. Su kuwa 'yan canji, ko na Wapa a Kano ko na Zone 4 a Abuja, takarda suke karɓa, ba ruwansu da ƙarfe. Saboda haka kuɗin da zai sayi burodi a Landan, in ya faɗo nan sai ya koma abin wasan yara. Masu gwanjo su tara su kawo wa Baba, ya ba su na goro. Wannan shi ne sirrin arahar, kuma shi ne ya sa talaka irina yake iya wannan kiwo.

Amma ba su na zo nema ba. Sai da na yi tono har ƙasan tasa sa'an nan yatsana ya shiga huji. Na ɗago, ga anini.

Yaran yanzu suna jin ana cewa "ba ni da ko anini", su ma suna faɗa, ba su san mene ne ba. To, ga lissafin yadda yake. Anini goma kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari, ko sisin kwabo. Kwabo uku toro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule. Sule biyu fataka, sule ashirin kuwa fam guda. Ka ga ke nan fam ɗaya kwabo 240 ne, ko anini 2,400. A 1907 aka fara buga wa ƙasar nan kwabo da anini, da huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci da ke faɗin darajar kuɗin, don Turawa sun tarar mutanen Arewa da karatunsu. Hujin kuwa dabara ce: mutanen da suka saba da wuri, kuma da yawansu ba su da aljihu, sai su zura a igiya. Aninin farko ma da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, a 1908 aka sake masa ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa mu kuɗi ɗaya da Gana da Saliyo da Gambiya, a 1913 kuma sule mai bishiyar kwakwar manja ya fito. Na azurfa ne har zuwa 1920, daga nan aka koma tagulla.

Na tofa wa aninin yawu na goge da gefen riga, sai ga 1936, ga sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan shi ne Sarkin Ingila da bai cika shekara a gado ba: ya hau a watan Janairu na 1936, ya yi murabus a watan Disamba don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya da fada ta ƙi. A Ingila kanta ba a kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba. Amma namu, da yake masu huji ne ba a bukatar hoton fuska, sai aka buga da sunansa aka turo. Watau sarkin da mutanensa ba su kashe kuɗinsa ba, kakanninmu sun sayi ƙosai da shi. Kada mai karatu ya ce na tsinci dami a kala. An buga su da yawa ƙwarai, har a Turai ba su da wata tsada. Daɗin labarin ne ya sa nake son sa.

Na ci gaba da tono, ina ware na Tarayyar Nijeriya na 1959, shekarar da Babban Bankinmu ya fara aiki: toro mai kusurwa goma sha biyu da auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, fataka da gyaɗa. Na sami na 1973 kuma, lokacin da Naira da kwabo suka maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu, fam ɗaya a kan Naira biyu. Kwabo 25 mai dalar gyaɗa, kwabo 10 da muka ci gaba da kira sule, da kwabo ɗaya mai hasumiyar haƙar mai. In mutum ya jera waɗannan a tafin hannu ya dube su da kyau, zai ga gyaɗa da auduga da koko a kan manya, man fetur yana kan ƙarami. Wanda ya zana su bai san yadda zamani zai juya lissafin ba.

Muna cikin haka sai ga wani saurayi ya turo baro cike da tsofaffin tukwane da wayoyi, da sikeli rataye a wuya. Ya gai da Baba, ya harari tasar, ya harare ni. Na gane shi ne abokin takarata. Ba na ganin laifinsa, sana'arsa ke nan, kuma ta fi zaman banza. Amma a wurinsa Edward da Elizabeth da barewar sefa duk kilo ne. Abin da ya shiga baronsa, wuta ce makomarsa.

Ban gama ware nawa ba sai wata tsohuwa Bafulatana ta iso, ta ajiye ƙwaryarta, ta durƙusa a gefe. Ta jira har muka yi shiru, sa'an nan ta kwance bakin zanenta, ƙulli cikin ƙulli, ta fito da wasu manyan kuɗi guda uku, baƙi ƙirin don tsufa, kowanne an liƙa masa ɗan kunne na ratayawa. Ta miƙa wa Baba ta ce ko zai saya. Ta ce na kakarta ne, da su aka yi wa uwarta kitson aure, da su aka yi mata. Yanzu jikanta ne ke kwance a asibiti a Gwagwalada, shanu kuma ba su kai yadda za a taɓa su ba.

Tun kafin su bar hannunta gabana ya faɗi. Liyari ne. Shekara ashirin ina neman guda.

Wannan kuɗi na ƙasar Ostiriya ne, mai hoton Sarauniya Maria Theresa a gefe ɗaya da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Ta rasu a 1780, amma saboda yadda fataken Larabawa da Habasha da na ƙasashenmu suka amince da shi, ba su yarda a sauya ko ɗigo ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780, a Biyana da Landan da Paris da Rum har da Bombay. Don haka duk wanda ya ce maka liyarinsa ya shekara ɗari biyu da arba'in saboda abin da ke rubuce, ka yi masa uzuri. Ta hamada ya riƙa zuwa mana tare da ayarin Tarabulus. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza guda a kan wuri 2,500. Watau guda takwas sun tashi keso, buhun wuri 20,000 da sai ƙato yake ɗauka. Nauyin kowanne giram 28 ne, kuma kashi biyar cikin shida azurfa ce zalla. Abin da ya sa ya yi wuyar gani ke nan: maƙeran farfaru sun narkar da mafi yawa sun yi mundaye da zobba.

Baba ya juya su, ya ce shi ba shi da jarin wannan. Saurayin nan ya karɓa, ya jinjina a hannu, ya ce ai sanholo ne, amma don tausayi zai ba ta Naira dubu biyu duka ukun. Na lura da gaske yake, bai san abin da ya riƙe ba. Tsohuwa ta yi shiru tana lissafi a zuci.

To, a nan ne Shaiɗan ya matso kusa da ni, ya kuwa zo da hujja mai kyau. Ya ce, ka ce dubu biyar, ta yi maka godiya har da addu'a, ka tafi da uku. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka yi ƙwace ba, ka ma ninka mata tayi. Bugu da ƙari, in ka gaya mata gaskiya, wurin maƙera za ta kai, su auna su jefa a wuta. Kai ne kaɗai a kasuwar nan za ka adana su. Na rantse wannan magana ta ƙarshe ta kusa kayar da ni, domin gaskiya ce. Duk mai irin kiwona ya san cewa daɗin abin shi ne ka san abin da mai kaya bai sani ba. A kan anini da sisi ban taɓa jin nauyin haka ba, don bambancin bai wuce kuɗin goro ba. Amma wannan kuɗin magani ne.

Na ce wa saurayin ya ba ni in gani. Na fito da ɗan maganaɗisun da nake yawo da shi, bai kama ba. Na ɗora guda a kan ɗan yatsa na ƙwanƙwasa da wani, sai ya yi wata ƙara siririya mai tsawo, har mai kayan miya na kusa ya waiwayo. Na duba rubutun da ke zagaye da kaurin bakinsa, yana nan. Na ce, "Inna, wannan azurfa ce. Kada ki sayar a nan."

Ta ce, "Ɗan nan, na san azurfa ce. Wanda zai saya ne ban sani ba."

Kunya ta kama ni, don na ɗauka jahilci ne ya kawo ta, ashe matsuwa ce. Na duba farashin azurfa na ranar a wayata, na buga lissafin giram 23 da 'yan kai, na faɗa mata abin da kowane guda ya kamata ya tashi, na kuma gaya mata maƙeri zai rage nasa, amma kada ta yarda a rage da yawa. Baba ya riƙe baki. Saurayin ya ce, "Kai!" ya tura baronsa ya yi gaba, ko sallama babu.

Na je wurin mai POS na kwashe abin da ke asusuna, na haɗa da na aljihu, sai ya kai kuɗin guda ɗaya da ƙyar. Ta ƙirga sau biyu, ta ba Baba ya ƙirga na uku. Sa'an nan ta jera su a tafin hannunta ta daɗe tana dubawa, ta zaɓi wanda ya fi sudewa, wanda fuskar sarauniyar ta kusa shafewa, ta mayar cikin ƙulli tare da na biyu, ta ba ni mai kyan. Na ce mata ai wancan ma ya ishe ni. Ta ce a'a, wancan shi ne yake taɓa goshin uwarta. Sauran biyun, in ji ta, in abin da ta samu ya isa sallamar asibiti, za su koma gida. In bai isa ba, akwai ɗanta da ya san hanyar Suleja.

Saura ni da Baba da 'yan kuɗin da na ware, guda talatin da ɗaya, ga shi ko sisin kwabo ba ni da shi, ban da wanda ke cikin tasarsa. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya ce in ɗauka, in kawo kuɗin wata kasuwar. Na ce, "Baba, ba ka san ni ba." Ya ce ya san ni tun ɗazu. Na roƙe shi arziki ɗaya, ya riƙe tasar nan kada ta hau sikeli kafin in dawo. Ya ce ba zai yi alkawari ba, domin shi ma yana da iyali, amma zai ture ta can ƙarƙashin tsumma.

Wanda yake so ya ga irin waɗannan kuɗi a jere cikin gilashi, akwai ɗakin tarihin kuɗi a hedkwatar Babban Banki a Abuja, a Kasuwar Kurmi ta Kano kuma masu kayan tarihi ba sa rasa su, sai dai su sun san farashi. Ni dai na fi son na ƙasan tasa.

Da la'asar na sami abokina direba ya gama lodi, na hau gaba don ba ni da na mota. Muna kan hanyar Gwagwalada, ƙura ta turnuƙe, na kwance hankicina ina sake duba abin da na samo. Karen motar, yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya leƙo ta taga daga inda yake maƙale, ya ce in ba shi ɗaya ya gani. Na laluba na miƙa masa Naira ɗaya ta ƙarfe, ta 2007, mai hoton Herbert Macaulay. Ya juya ta gaba da baya, ya gwada ta a haƙori, sa'an nan ya ɗaga murya saboda ƙarar inji ya ce, "Baba, wannan kuɗin wace ƙasa ce?"